Shurin bulala a wasan Tekwando: Yadda ake yin sa da abin da ya kamata iyaye a Daura su sani

A ranar 20 ga Agustan 2016, a birnin Rio na ƙasar Brazil, wani dogon saurayi ɗan Jamhuriyar Nijar mai suna Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kai wasan ƙarshe na ajin masu nauyi a gasar Tekwando ta Olamfik. Radik Isaev na ƙasar Azarbaijan ne ya yi galaba a karawar, amma azurfar da Alfaga ya koma gida da ita ta zama lamba ta biyu da Nijar ta taɓa samu a tarihin gasar, bayan tagullar da ɗan damben zamani Issaka Daboré ya ciyo a birnin Munich a 1972. Shekara guda bayan haka Alfaga ya zama zakaran duniya a garin Muju na Koriya ta Kudu. Kafin shi, Chika Chukwumerije ya samo wa Najeriya tagulla a wannan aji a gasar Beijing ta 2008.

Ga mutumin Daura, labarin Nijar labarin maƙwabci ne. Daga cikin gari zuwa iyakar Kwangwalam ta Ƙaramar Hukumar Mai’aduwa tafiya ce ’yar kaɗan, kuma ciniki da auratayya sun daɗe da haɗa ɓangarorin biyu. Bayan haka, wayar hannu ta shigo da bidiyon wannan wasa har cikin zaurukanmu. Yaran da iyayensu suka tashi da kallon finafinan Bruce Lee da Jackie Chan, yanzu su ma suna kwaikwayon shure-shuren da suka gani, a filin makaranta ko a ƙofar gida, galibi ba tare da wani ya nuna musu ƙa’ida ba. A nan ne haɗarin yake, domin shurin da ake gani kamar wasa yana iya barin yaro da ciwon gwiwa ko targaɗe idan aka yi shi barkatai. Wannan maƙala za ta yi bayanin shurin da ake fara koya wa kowane ɗalibin Tekwando, yadda ake yin sa, dalilin da ya sa ake yin sa haka, da abin da ya kamata uba ko uwa su lura da shi.

Asalin wasan

Kalmar Tekwando ta haɗa kalmomi uku na harshen Koriya: ta farko tana nufin duka da ƙafa, ta biyu dunƙulen hannu, ta uku kuwa hanya ko tafarki. Bayan ƙarewar mulkin mallakar Japan a Koriya, wanda ya ɗauki daga 1910 zuwa 1945, an buɗe makarantun koyon faɗa da dama a birnin Seoul, kowace da salonta, yawancinsu da tasirin kareti na Japan. A 1955 aka zaɓi sunan Tekwando domin ya tattara su, kuma Janar Choi Hong Hi na cikin waɗanda suka yi tsayin daka a kan haka. Shi ne ya kafa ƙungiyar ITF a 1966. A 1972 aka buɗe Kukkiwon, babbar cibiyar wasan da ke Seoul, sannan a 1973 aka kafa hukumar da a yau ake kira World Taekwondo, wadda ita ce ke kula da wasan a Olamfik. An nuna wasan a matsayin gwaji a gasar Seoul ta 1988 da ta Barcelona ta 1992, kafin ya zama cikakken wasan da ake cin lamba a gasar Sydney ta 2000.

Abin da ya bambanta Tekwando da sauran wasannin faɗa shi ne fifita ƙafa a kan hannu. Hujjar masu wasan ita ce ƙafa ta fi hannu tsawo da ƙarfi, don haka wanda ya iya sarrafa ta zai taɓa abokin karawarsa tun kafin hannun wancan ya iso gare shi.

Mene ne shurin bulala?

Ana iya raba shuri gida biyu. Akwai shurin turi, wanda mutum ke ɗora tafin ƙafarsa a jikin abu ya ingiza shi da nauyin jikinsa, kamar mai son buɗe ƙofar da ta cije. Akwai kuma wanda ƙafa ke fita da sauri, ta taɓa inda aka nufa, ta dawo nan take. Wannan na biyun ne muka kira shurin bulala, saboda yana aiki ne irin na bulalar mahayin doki: hannu ya ɗaga, jikin bulala ya biyo baya, bakinta ya tsula, sannan ta koma. Zafin bulala yana fitowa ne daga saurin bakinta, nauyinta kuwa bai taka kara ya karya ba.

Mafi sauƙin misalin wannan shuri shi ne na gaba, wanda Koriyawa ke kira ap cagi. Shi ake fara koya wa mai farar ɗamara, kuma yana cikin jerin motsi na farko da ɗalibi ke haddacewa a tsarin Kukkiwon. Inda ake nufa da shi shi ne ciki, ko ƙahon zuciya, ko haɓa. Wanda ya ƙware a kansa ya sami ginshiƙin sauran shure-shure, domin yawancinsu da ɗaga gwiwa suke farawa, da naɗe ta kuma suke ƙarewa.

Matakai huɗu

Kafin komai sai tsayuwa. Ƙafa ɗaya tana gaba, ɗaya tana baya, tazararsu kamar ta taku guda, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannaye biyu a dunƙule suna tsare ƙirji da fuska, ido yana kallon inda za a kai duka. Mai koyo yana farawa ne da ƙafar baya.

Mataki na farko shi ne ɗaga gwiwa. Ana ɗago ta gaba zuwa saitin ƙugu ko sama da haka, ƙwauri a naɗe, dunduniya kusa da bayan cinya. Gwiwar ita ce ke saita duka, tamkar yadda maharbi ke saita kibiya: inda ta nuna, nan ƙafa za ta je. Wanda yake son ya kai haɓa alhali gwiwarsa tana kallon ƙasa, sai dai ya karkata jikinsa baya, daga nan kuma faɗuwa ta zo.

Mataki na biyu shi ne sakin ƙwauri. Daga naɗen da yake, ƙwaurin yana buɗewa da sauri, ƙugu yana ɗan matsawa gaba don ya ƙara wa dukan nisa. Wurin da ke taɓa abin da aka nufa shi ne tudun tafin ƙafa da ke gindin yatsu. Saboda haka ana miƙe idon sawu gaba, a janye yatsun sama. Wanda ya bar yatsunsa a miƙe, su ne za su fara cin karo da abin da ya doka, kuma ƙasusuwansu ƙanana ne, ba su jure wannan. A daidai lokacin dukan ana fitar da numfashi da ƙarfi, wani lokaci da ’yar tsawa, wadda ke taimakawa wajen ɗaure tsokar ciki.

Mataki na uku shi ne dawo da ƙwauri. Da zarar ƙafa ta taɓa, sai a naɗe ta ta koma yadda take a mataki na farko, gwiwa tana nan a sama ba ta sauka ba. Masu horarwa sukan nanata cewa saurin dawowa ya yi daidai da saurin fita, ko ma ya fi shi.

Mataki na huɗu shi ne saukewa. Mai shuri ne ke zaɓar inda ƙafarsa za ta sauka, ko ta koma baya inda ta fito, ko ta sauka gaba idan zai ci gaba da kai hari. Ƙafar da ta faɗo ƙasa da kanta kamar an yar da ita alama ce ta cewa mai ita bai riƙe nauyin jikinsa ba.

Duk wannan yana faruwa ne a kan ƙafa ɗaya, don haka ƙafar da ke ƙasa tana da nata aikin. Gwiwarta ba ta sandarewa, yatsunta suna ɗan juyawa waje don ƙugu ya sami sararin motsi, gadon baya kuma yana nan a miƙe.

Hikimar naɗe gwiwa

Mai karatu zai iya tambaya: me zai hana a ɗaga ƙafar a miƙe kawai a doka? Amsar tana cikin abin da kowa ya sani daga aikin yau da kullum. Ɗauki doguwar gora ka riƙe ta a gindi ka yi ƙoƙarin kaɗa ta da sauri, za ka ji tana yi maka nauyi. Guntun sanda mai nauyi iri ɗaya kuwa nan da nan yake juyawa. Dalili shi ne duk lokacin da nauyi ya yi nisa da inda ake juya shi, sai ya ƙara wuyar motsawa. Ƙafar da aka naɗe ta zama gajera, nauyinta ya matso kusa da ƙugu, don haka cinya tana ɗaga ta cikin hanzari. Idan cinya ta kai inda za ta tsaya, saurin da ta tara yana wucewa zuwa ƙwauri, daga ƙwauri zuwa tafin ƙafa. Haka abin yake ga mai jifa da majajjawa ko ɗan ƙwallon da ke buga fanareti.

Akwai kuma hikima a zaɓen tudun tafin ƙafa. Ƙarfi ɗaya idan ya taru a ɗan ƙaramin wuri ya fi ratsawa a kan wanda ya bazu, shi ya sa ƙusa ke shiga katako amma kan guduma ba ya shiga.

Dawo da ƙafa da sauri yana da dalilai uku. Na farko, ƙafar da ta daɗe a miƙe ana iya cafke ta, kuma wanda aka riƙe wa ƙafa ɗaya ya zama abin tausayi. Dokar gasa ta hana riƙe ƙafa, amma a wajen fili babu alƙalin da zai hana. Na biyu, gwiwar da ta dawo sama a naɗe tana shirye ta sake fita, shi ya sa ake ganin ƙwararru suna kai shuri biyu ko uku kafin ƙafar ta taɓa ƙasa. Na uku ya shafi lafiya: tsokar bayan cinya ce ke taka wa ƙwauri birki, kuma wanda ya saba janye ƙafarsa da wuri ba ya barin gaɓar gwiwa ta buɗe har ƙarshenta da ƙarfi.

’Yan uwansa da yadda ake ba da maki

Shurin da ya fi yawa a gasa shi ne na kewaye, wato dolyo cagi. Farkonsa daidai yake da na gaba, sai dai bayan gwiwa ta tashi, ƙafar ƙasa tana juyawa a kan tudunta, ƙugu ya kifa, sai ƙwauri ya fita ta gefe ya doka da bayan ƙafa a haƙarƙari ko a kai. Shi ma shurin bulala ne. Da yake farkonsu ɗaya, abokin karawa ba ya gane wanne ke zuwa sai ya makara. Shurin gefe da na baya kuwa sun fi kusa da turi, domin da dunduniya ko gefen ƙafa ake yin su, da nauyin ƙugu a bayansu.

A dokokin da aka yi aiki da su a gasar Olamfik ta Paris a 2024, naushi a gangar jiki maki 1 ne, shuri a gangar jiki maki 2, shuri a kai maki 3, shurin juyi a gangar jiki maki 4, shurin juyi a kai kuma maki 5. Ana yin turmi uku na minti biyu-biyu, wanda ya ci biyu ya yi nasara. An haramta naushi a fuska da duka a ƙasa da ƙugu, kuma wanda ya faɗi ko ya fita daga fili ana ba abokin karawarsa maki guda. Tun daga gasar Landan ta 2012, sulken da ’yan wasa ke sawa a Olamfik yana ɗauke da na’urar da ke ƙirga duka da kanta. Darajar sauri ta fito fili a Rio, inda Cheick Sallah Cissé na Kwaddibuwa yake baya a maki, amma ya kai wa Lutalo Muhammad na Birtaniya shuri a daƙiƙar ƙarshe, ya ɗauki zinare.

Dambe da langa

Duka da ƙafa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A damben gargajiya, wanda aka fi sanin mahauta da shi tun asali, ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, ɗayan kuma ya bar shi a buɗe yana tsaro da auna nisa, amma ƙafa ma makami ce da doka ta yarda da ita. Duk mai zuwa gidan dambe, ko na Kano ko na Dei-Dei a Abuja, ya ga yadda ’yan Kudu da Arewa da Guramada ke haɗa naushi da shuri a cikin turmi uku, kuma ba sau ɗaya ba ƙafa ta yi kisa inda hannu ya kasa. Sunayen irin su Shago da Ɗandunawa, waɗanda Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya waƙe, suna nuna irin matsayin da wannan wasa yake da shi a zukatan jama’a.

Bambancin yana wajen koyarwa. Ɗan dambe yakan koyi shuri ne ta kallon na gaba da shi da kuma shan wuya a fage, kuma sau da yawa ƙafar tana tashi ne a miƙe da nauyin jiki duka. Tekwando ta rarraba motsin daki-daki, ta ba kowane sashe suna, ta yadda malami zai iya nuna wa ɗalibi ainihin inda kuskurensa yake.

Wasan da ya fi kusa da buƙatar mai shuri kuwa shi ne langa. Yaron da ya tashi yana riƙe ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle a kan ɗaya, yana ture abokan hamayya don ruwa ya sha, ya riga ya koyi abin da ke ba sabon ɗalibi wuya, wato tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba. Dambe da kokawa da langa duk suna cikin wasannin da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa, tare da Tekwando. Malaman motsa jiki a makarantun Daura, Sandamu, Zango, Baure da Mai’aduwa suna da wannan jari a hannunsu tun kafin a sayi kayan wasa ko ɗaya.

Kurakurai da raunukan da suke jawowa

Kuskuren da ya fi illa shi ne shurin iska da dukan ƙarfi har gwiwa ta ƙame. Idan babu abin da zai tare ƙafar, gaɓar gwiwa ce ke shanye ƙarfin, kuma maimaita haka kullum yana gajiyar da jijiyoyinta. Ƙa’ida ita ce a rage ƙarfi idan ana shurin iska, a bar cikakken ƙarfi sai an sami abin duka mai laushi.

Na biyu shi ne gaggawar kai ƙafa sama. Yaro ya ga ana dukan kai a bidiyo, shi ma sai ya nufi can tun ranar farko, alhali tsokar bayan cinyarsa ba ta saki ba. Sakamakon shi ne yagewar tsoka, ko faɗuwa ta baya har ƙeya ta bugi ƙasa. A fara daga saitin gwiwa, a hau zuwa ƙugu, sannan ƙirji. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku shi ne rashin juya ƙafar ƙasa a shurin kewaye. Idan ƙugu ya juya amma tafin ƙafa ya kafe, gwiwa ce ke murɗewa a tsakani. Na huɗu shi ne sakin hannaye ƙasa lokacin shuri, wanda ke barin fuska a buɗe. Na biyar shi ne dukan bango, ko kututturen itace, ko buhun yashi da ya daskare, da sunan ƙarfafa ƙashi. Ƙasusuwan yara suna da wuraren da suke tsiro a kusa da gaɓoɓi, kuma rauni a wurin yana iya shafar girman ƙafar. Fasa katako da ake gani a bukukuwa aikin waɗanda suka daɗe suna horo ne, da katakon da aka tanada domin haka.

Idan rauni ya faru, a dakatar da wasa, a sa ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na kamar minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar sama. Idan gwiwa ta kumbura nan take, ko an ji ƙara a cikinta, ko mutum ya kasa taka ƙafar, a tafi asibiti a yi hoto kafin a kai ga ja ko murzawa, domin tsagewar ƙashi da tsinkewar jijiya ba a gane su da ido. Manyan raunukan gaɓoɓi akan tura su asibitocin ƙwararru irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Wanda ya bugu a kai har ya ji jiri, ko ya yi amai, ko ya ruɗe, kada ya koma wasa a ranar, likita ya kamata ya gan shi.

Atisaye a yanayinmu

A lokacin hunturu, musamman Disamba da Janairu, jiki yana daɗewa bai yi ɗumi ba, kuma tsoka mai sanyi ta fi saurin yagewa. A ɗauki aƙalla minti 10 ana sassarfa, ana tsalle, ana kaɗa ƙafa gaba da baya a hankali kafin shuri na farko. Kaushi da faso ma matsala ce ga mai wasa ba takalmi, don haka a riƙa shafa man kaɗanya ko basilin da dare. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, a tsayar da atisaye bayan Asuba ko bayan La’asar sakaliya, da ruwan sha a kusa. A watan azumi ya fi dacewa a bari sai bayan buɗa-baki.

Ƙasar da ake tsayawa ma abin dubawa ce. Tayil mai santsi yana kayar da mutum, rairayi mai zurfi yana riƙe ƙafa ya hana ta juyawa, siminti kuma ba ya yafe faɗuwa. Idan babu katifar wasa, fili mai ƙasa a daddaɓe wanda aka share tsakuwa da ƙaya ya wadatar. Wando ya zama mai faɗi.

Atisayen da ya fi amfani ga mai farawa ba ya buƙatar kuɗi. A dafa bango da hannu ɗaya, a yi matakan nan huɗu a hankali ana ƙirgawa, ana tsayawa daƙiƙa biyu a kowane mataki, sau 10 a kowace ƙafa. Don a tilasta wa gwiwa tashi, ana iya ajiye ’yar kujerar tsuguno a gaba, ta yadda ƙafa za ta tsallake ta wajen fita da wajen dawowa. Sai motsin ya zauna a jiki ake ƙara sauri. A ba ƙafar hagu haƙƙinta daidai da dama.

Manya ma da rabonsu

Ɗan kasuwar da ke wuni a shago da ma’aikacin da ke wuni a kan kujerar ofis suna fama da abu ɗaya: ƙugu ya ƙage, baya yana ciwo, tumbi yana fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar manya su sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara kuma minti 60 a kullum. Ɗaga gwiwa da shuri a hankali a saitin ƙugu yana motsa cinya da ciki da baya, yana kuma gyara daidaiton tsayuwa, abin da ke raguwa yayin da shekaru ke ja. Ba sai mutum ya shiga karawa da kowa ba, domin wasan yana da sashen jerin motsi da ake yi ba abokin faɗa. Sai dai mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko tsohon ciwon gwiwa, ya fara jin ta bakin likitansa.

’Ya’ya mata, tarbiyya da kare kai

Wasu iyaye kan ɗauka wasan na maza ne kawai. Kayan Tekwando dogon wando ne da riga mai dogon hannu, kuma doka ta amince da sa ɗankwali ko hijabin wasa a ƙarƙashin hular kariya. Hedaya Malak ta Masar ta ci tagulla a Rio da kuma Tokyo da kanta a rufe. A Najeriya ma mace ce, Elizabeth Anyanacho, ta wakilci ƙasar a gasar Tokyo da ta Paris. Abin da iyaye za su nema shi ne aji na mata daban, ko mace mai horarwa, a wuri buɗaɗɗe da za su iya leƙawa duk lokacin da suka so.

Tsoro na biyu shi ne kada yaro ya zama mafaɗaci. Makarantun wasan suna koyar da ɗabi’u biyar: ladabi, gaskiya, juriya, kamun kai da rashin karaya. Malamin kirki yana hukunta ɗalibin da ya kai shuri unguwa ko aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ke da wurin zuwa da yamma, da malamin da yake jin nauyinsa, ya rage lokacin zaman banza.

Game da kare kai, gaskiya ɗaya ce. Shurin gaba yana iya tsayar da wanda ya taso wa mutum, ya ba shi damar kuɓuta. Amma babu shurin da ke maganin wuƙa ko bindiga, kuma wanda masu ƙwacen waya suka tare da makami, ransa ya fi wayarsa. Doka ta yarda mutum ya kare kansa gwargwadon barazanar da ke gabansa, wanda ya wuce gona da iri kuwa shi ma zai amsa tambaya.

Kafin a miƙa yaro

Uban da zai sa ɗansa a wannan wasa ya tambayi malamin takardar shaidar baƙar ɗamararsa da hukumar da ta ba shi. A tsarin Olamfik, shaidar Kukkiwon ce ake aiki da ita, kuma ana iya neman tabbaci daga Hukumar Tekwando ta Najeriya ko ofishin wasanni na jiha. Cibiyar Al’adun Koriya da ke Abuja ma tana koyar da wasan. Sannan ya zauna ya kalli darasi guda da idonsa. Ya duba ko ana ɗumama jiki kafin a fara, ko ana haɗa yara gwargwadon shekaru da nauyi, ko ana hana karawa ba tare da hular kai da sulke da kariyar baki da ta ƙwauri da ta mara ba, da kuma ko akwai akwatin agajin gaggawa. Ya lura da yadda ake ba da ɗamara, domin malamin da ya yi alƙawarin baƙar ɗamara cikin ’yan watanni kuɗi yake nema.

Abu na ƙarshe da zai duba shi ne shurin ɗaliban da suka daɗe a wurin. Idan gwiwarsu tana tashi kafin ƙafa ta fita, tana kuma dawowa a naɗe kafin ta sauka, to malamin ya san aikinsa, ana iya ba shi amanar yaro.